Farar Waya a Keken Tsigi

Duk layin Injiniya ake ce masa, ko da yake bai taɓa taka ƙofar jami'a ba, kuma shi da bakinsa yake gaya wa mutane haka. Sana'arsa naɗin koyil, wato wayar tagullar da ke cikin inji. Fanka ta ƙone, injin jan ruwa ya tsaya, injin wanki ya fara gunaguni, wurinsa ake kawowa. Shagon ɗan mitsitsi ne, ƙofa ɗaya, taga ɗaya, sai dogon tebur da ɗigon dalma ya yi wa tabo ko'ina. A bango, sama da inda yake rataye sukundirebobi daga babba zuwa ƙarami, akwai takardar shaidar sana'arsa cikin gilashi. Shekararta ashirin da biyu a wurin, ko gargaɗi ba a taɓa rubuta masa ba. Da ita yake samun aikin asibiti da na makarantu da na gidan burodi. Ba don ita ba, da sai dai ya ƙare a fankokin maƙwabta.

Mutumin kirki ne, wannan ba a musu. Amma yana da wata cuta guda da matarsa ta gaji da yi wa magani: ba ya iya ganin inji yana aiki ƙasa da ƙarfinsa ya kau da kai. Ko baƙunta suka je gidan mutane ya ji firji na wani irin kuka, sai ka ga ya daina sauraron hira, kunnensa ya koma kicin. Matar, wadda ke aiki a kantin magani, takan taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur ta ce, "Baban Tsigi, abinci muka zo ci, ba gyara ba."

Tsigi ita ce autarsu, shekararta sha huɗu. Yayyenta biyu sun girma sun kama aiki a wasu garuruwa, ita kaɗai ta rage a gida, gidan kuwa ta cika shi da surutu kamar su biyar ne. A shago ta yi rarrafe. Tun ba ta iya karatu ba ta san kaurin waya da ido, in uban ya miƙa hannu ba tare da ya juyo ba, ta san filaya yake so ko almakashi. Da ta samu shiga wata makaranta mai nisa, sai iyayen suka haɗa ƙarfi suka saya mata keke mai batir, shuɗi, da kwando a gaba. Ranar da aka kawo shi, bakinta har kunne, ta zagaya layin ya fi sau goma.

Wata Asabar da hantsi ta turo keken cikin shago, wai sarƙa na ƙara. Injiniya ya ɗiga mai, ya ɗaga tayar baya ya murɗa hannun don ya ji. Taya ta ɗauki gudu, tana kaiwa wani wuri sai injin ya ja da baya da kansa. Ya sake murɗawa, haka. Ya kasa kunne, ya ɓata fuska.

"Kin ji abin da na ji?"

"Haka yake, Baba. Ba ya wuce kilomita ashirin da biyar a awa."

"Ba ya wucewa, ko ba a bar shi ya wuce ba? Wannan inji ɗaure shi aka yi. Haba! Abu da ƙarfinsa da lafiyarsa a ce an sa masa takunkumi? Riƙe min tocila."

Ta riƙe. Ya kwance ɗan akwatin da ke ƙarƙashin sirdi, ya bi wayoyi da kan sukundireba ɗaya bayan ɗaya, ya ciro wata 'yar siririya fara da ta fita ta zagayo ta koma, ya sa almakashi ya datse. Ya aike ta ta sayo masa ruwan sanyi, kafin ta dawo ya gama sauran aikinsa ya rufe akwati. Da suka sake ɗaga taya, lambar da ke jikin agogon gudun keken ta haura arba'in. Uba da 'ya suka tafa. Ko a ransa bai kawo ya yi wani laifi ba, shi a ganinsa gyara ya yi, kamar yadda yake yi kullum tun safe har yamma.

Wata uku aka yi ana jin daɗi. Tsigi ta daina makara, ta riƙa dawowa da wuri har tana biyowa ta shago ta share masa tebur. Uwar ba ta san komai ba, sai dai takan ce yarinyar nan ta fara hankali.

Ran wata Litinin, ana gab da tashi daga aiki, sai ga Tsigi a ƙofar shago a ƙafa, jakarta a baya, hular kwano a hannu, ba keke. Injiniya ya taso da sauri. Ya duba gwiwoyinta, ya duba gwiwar hannu, ba ko ƙwarzane.

"Lafiyata lau, Baba," ta ce. "Jami'an hanya ne suka tsaya a gaban makaranta da wani abin auna gudu. Sun ɗora keken a kan ƙarfe sun juya taya. Sun tafi da shi a mota."

Ta miƙa masa takarda. Ya karanta a tsaye, ya zauna ya sake karantawa. Ashe keken da ya wuce ashirin da biyar ya tashi daga keke, a wurin hukuma babur ne. Babur kuwa yana son lamba da inshora da lasisi, kuma ba a bai wa 'yar shekara sha huɗu. A ƙasa an rubuta su zo ofis ranar Alhamis ƙarfe tara, yarinyar da mahaifinta ko mahaifiyarta, domin a tantance wanda ya taɓa injin.

Da yamma uwar ta ji komai. Ba ta ɗaga murya ba, ya kuwa fi son ta ɗaga. Ta dube shi kawai ta ce, "Arba'in. A kan titi, tsakanin manyan motoci. 'Yarka." Daga nan ta kira yayanta.

Kawun Tsigi direban tasi ne, kuma a duniya ba dokar da bai sani ba, domin ba lauyan da bai taɓa ɗauka a motarsa ba. Ya iso bayan magariba, ya karɓi shayi, ya karanta takardar yana kaɗa kai kamar likita.

"To, Injiniya, ka saurare ni da kyau. Wannan abu hanya biyu gare shi. In yarinya ce ta yanke waya da ƙuruciyarta, a yi mata faɗa, a rubuta sunanta a kundinsu har ta kai sha takwas, a ɗan jinkirta mata lasisin tuƙi, ku biya tara, shi ke nan. Yaro ai yaro ne. Amma in kai ne, mai takardar sana'a, wallahi sai sun aika wa waɗanda suka ba ka ita. Ka san abin da ake nufi? Su karɓe ta wata shida ko shekara. Asibitin nan da kake taƙama da shi, kafin ka dawo sun sa wani."

"To ya za a yi, Yaya?" in ji uwar.

"Ya kuwa za a yi? Tsigi ta ce ita ce. A wayar hannu ta gani ta kwaikwaya. Duk yaran yanzu haka suke."

Uwar ta ce ita dai ba ta so. Injiniya ya buɗe baki zai yi magana, Tsigi ta riga shi. "Zan faɗa, Baba. Ai ba komai ba ne. Ni dama ba yanzu zan tuƙa mota ba." Ta faɗa da fara'arta, kamar an ce ta je kanti. Shi kuwa ya tuna asibiti, ya tuna shekara ashirin da biyu, ya ji tsoro ya kama shi sosai, tsoron da bai taɓa ji ba tun yana yaron shago. Sai ya yi shiru, kowa kuma ya ɗauki shirun nan a matsayin amincewa.

Washegari da yamma Kawu ya dawo domin gwaji. Ya zauna a kujerar tsakiya ya ɗaure fuska, shi ne jami'i. Tsigi ta tsaya a gabansa hannu a baya.

"Ke yarinya, wa ya taɓa keken nan?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Da me?"

Kawu ne ya shirya mata amsoshin, ta kuwa zubo su yadda ya koya mata: ta ɗauki wuƙar kicin, ta ɓalle akwati, ta yanke jar waya. Injiniya yana gefe yana juya cokali a kofi, ya yi alkawari a ransa ba zai sa baki ba. Amma da ya ji wuƙar kicin da jar waya, abin ya fi ƙarfinsa.

"Kai, Yaya, wace irin jar waya? In ta yanke ja ai wuta ta yanke gaba ɗaya, keken ko motsi ba zai yi ba. Duk wanda ya san aiki ya ji wannan ya san ƙarya ce. Fara ce. Kuma akwatin nan ba a ɓalle shi da wuƙa, kusoshi huɗu ne masu kan tauraro."

"To gyara mata mana, tunda kai ne malamin."

Haka kuwa aka yi. Ya matso da kujera, ya zana mata akwatin a bayan ambulan, ya nuna inda farar waya ta fito da inda ta koma, ya gaya mata lambar sukundireban. In ta yi tuntuɓe ya ce a sake daga farko. Kan a jima wasan ya yi daɗi, Kawu yana zare ido yana buga tebur, Tsigi tana ƙunshe dariya, shi kansa Injiniya har da tafi lokacin da ta kawo bayanin tiryan-tiryan ba gargada. Uwar ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta kwashe kofuna ta shige kicin, suna jin ƙarar ruwa ya daɗe yana zuba.

Ranar Alhamis suka tafi su biyu a bas. Ofishin a hawa na biyu yake, doguwar baranda da benci, iyaye da 'ya'yansu jere, kowane yaro da hular kwano a cinya, kowane uba yana kallon takalminsa. Da aka kira su, suka tarar da keken Tsigi a jingine a kusurwar ɗaki da takarda ɗaure a wuyansa. Sufeton mace ce mai furfura a goshi, tabarau a kan hanci, da alama ta gaji da jin labari iri ɗaya. Ta gaishe su da mutunci, ta jawo fom, ta dubi yarinyar.

"'Yata, gaya min abin da ya faru da keken nan."

Tsigi ta gyara tsayuwa ta fara. Ranar Asabar ce, babanta ya fita kai aiki, ta ɗauki sukundireba mai kan tauraro, ta kwance kusoshi huɗu, ta nemo farar wayar da ta fita ta koma, ta datse da almakashi. Murya ba rawa, ido ba ƙiftawa. Sufeto ta yi mata tambaya biyu ta gefe, ta amsa daidai. Matar ta gyaɗa kai, ta sa biro a kan layin da ake rubuta sunan wanda ya aikata, ta ce yarinya ta faɗi cikakken sunanta.

Kafin ta faɗa, Tsigi ta ɗan juyo ta dubi ubanta. Kallon da take yi masa ne in ta kawo sakamakon jarrabawa, ko wanda ta yi masa ranar da ta naɗa koyil ɗinta na farko ya yi kyau, kallon mai jiran a ce madalla. Kunya ta rufe Injiniya tun daga kai har ƙafa, ya ji ya tsani kansa. Bai san lokacin da ya miƙe ba.

"Ranki ya daɗe, dakata. Ba ita ba ce. Ni ne."

Sufeto ko ɗago kai ba ta yi ba. "Malam, zauna. Kujerar nan da kake kai, duk mako sai uba uku ko huɗu sun tashi daga kanta sun ce su ne. Na san kuna son 'ya'yanku. Amma yarinya ta yi bayanin da ba wanda zai yi sai wanda ya yi aikin da hannunsa."

"Ni na koya mata bayanin!"

"Ba haka ba ne," Tsigi ta yi caraf. "Baba so yake ya kare ni. Ni ce, wallahi..."

"Kul! Kar ki ƙarasa rantsuwar nan."

Ikon Allah! Mutum ya kwana uku yana neman yadda zai tsere wa laifi, yau ga shi yana roƙo a ba shi abinsa ana hana shi. Ya ciro katin sana'arsa ya ajiye a tebur, sufeto ta ce wannan ya nuna inda yarinya ta samu kayan aiki ne kawai. Ya ce a kira matarsa, ta ce iyaye mata ma suna son 'ya'yansu. Can sai ya nuna keken.

"An buɗe akwatin?"

"Ba a buɗe ba tukuna."

"To tambaye ta, bayan an yanke wayar, me aka yi da bakinta biyu?"

Sufeto ta dubi Tsigi. Tsigi ta dubi silin, ta ce an naɗe da baƙin tef. Ai a lokacin tana wurin sayen ruwan sanyi.

"Tef!" Injiniya ya ce, har da jin haushi. "Ni zan sa tef a abin da 'yata za ta hau? Kowane baki na sa masa 'yar rigar roba na gasa ta kama. Na canza fis na sa wanda ya fi shi. Na ɗaure wayoyin da zare shuɗi wuri uku. Kuma in kin juya murfin, za ki ga 'yar farar takarda a manne, da kwanan wata, da rubutun hannuna, na ce a duba birki bayan wata uku. Duk injin da na buɗe a duniya sai na manna masa irinta."

Sufeto ta cire tabarau ta dube shi. Ta aika aka kawo sukundireba. Ma'aikacin da ya kawo ya fara kici-kici da kusoshi yana neman cinye musu kai, Injiniya ya kasa daurewa ya karɓa ya kwance da kansa. Ga rigunan roba biyu, ga zare shuɗi wuri uku, ga takarda a bayan murfi. Matar ta karanta, ta sake karantawa, sai dariya ta ƙwace mata.

"Shekarata goma sha tara a aikin nan, ban taɓa ganin wanda ya karya doka ya sa kwanan wata ba. To, birkin fa, ka duba?"

"Ranar Lahadin da ta wuce, ranki ya daɗe. Lafiyarsa lau."

Ta daina dariya. Ta ce aikinsa mai tsabta ne, amma birkin keke birkin keke ne, ba a yi shi don arba'in ba, kuma da yarinyar ta buge wani a hanya, ba inshorar da za ta tsaya musu, gidansu da shagonsu duka sai sun shiga ciki. Ta ce dole ta aika wa hukumar da ta ba shi takarda, ba ta da ikon rufewa, abin da za ta iya shi ne ta rubuta cewa shi ya tashi ya faɗa da bakinsa. Ta ce ya sa ran dakatarwar wata shida. Ya ce ya ji, ya gode. Ta juyo da fom ɗin gabansa, ya rubuta sunansa a layin da kyakkyawan rubutunsa na kan takardun inji. Ransa wasai, rabon da ya ji sauƙi haka tun ranar Litinin.

Suka sauko. Tsigi tana gaba tana taka matakala da ƙarfi, yana biye da ita har suka isa inda ake jiran bas. Can ta juyo, idanunta jawur.

"Yanzu asibiti za su sa wani."

"Za su sa."

"To me ya sa? Ta fa yarda! Har ta ɗora biro. Ina na yi kuskure, Baba? Kusoshi huɗu na ce, farar waya na ce, duk yadda ka koya min. Ko ɗaya ban ɓata ba."

Injiniya ya karɓi hular kwanon daga hannunta, ya riƙe hannun.

"Ko ɗaya ba ki ɓata ba, Tsigi," ya ce. "Shi ya sa na tashi."